Neman kayan injin Fijo 504, kafin ka shiga Panteka ko Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya ce maka kayan Fijo 504 suna nan birjik a kasuwa to gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Kayan suna nan kam, ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka ce kana neman ringin fistin ko metal, wato bawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ko tof gasket da ke shiga tsakanin bulo da kan inji, na Fijo, kafin ka rufe baki yara uku sun ruga sun kawo maka, kowa na rantsuwa nashi ne orijinal. Aikin ba a nan yake ba. Aikin shi ne samun wanda ya dace da injin dake cikin taka motar, ita ɗin nan dake tsaye a gareji, ba Fijo ta duniya gaba ɗaya ba. A kan wannan nake so mu ɗan yi magana, musamman ku da kuke da tsohuwar mota a gida kuna tunanin tada ita.

Tawa salun ce, ta kawuna ce Allah ya jiƙansa, haɗin Kaduna, ta daɗe a jibge a bayan gida har tayoyin suka nutse a ƙasa. Da na ɗauko ta niyyata ba wai kawai ta tashi ta yi tafiya ba ce, wannan ai kowane bakanike zai maka shi a sati ɗaya da waya da gam da ƙusa. Ni so nake ta koma yadda ta fito, ta yi wannan ƙarar tata mai laushi da muka sani muna yara, ka ba ta wuta a hanyar Zariya allurar zafi ko motsi ba ta yi ba. Bodi da fenti da kujeru duk masu sauƙi ne in akwai kuɗi, inji ne ke buƙatar haƙuri da sani.

Dalilin da yasa kayan nata suka rikice haka a tarihinta yake. A 1968 aka fara fito da 504 a Faransa, a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai, sannan kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, ya fara haɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna a 1975. Faransa ta daina yin salun ɗin tun 1983 amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, mu nan Najeriya mu ne kusan na ƙarshe, sai tsakiyar shekarun 2000 aka tsaya. Kaga kenan kusan shekara arba'in ana yin mota ɗaya a ƙasashe daban daban, kuma a tsawon wannan lokacin an yi ta canja abubuwa a cikin injin ba tare da fuskar motar ta canja sosai ba. Daga waje duk 504 ce, GR ce ko SR ko Bestline ko wagon ko fikof, amma in ka ɗaga bonet labari ya sha bamban.

Injin fetur ɗin da aka fi gani a wajenmu iri uku ne. Akwai babba mai 1971 cc, wato 2.0, wanda kamfani ke kira XN1, faɗin raminsa milimita 88. Akwai na tsakiya mai 1796 cc, wato 1.8, XM da kuma XM7 da ya biyo bayansa, raminsa 84. Su biyun tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, 81. Sai ƙarami mai 1618 cc, dangin XC, wanda asalinsa injin 404 ne amma an sa shi a wasu 504 ɗin musamman fikof, shi ma raminsa 84 ne amma tafiyar fistin 73. Duk ukun in ka kalle su a ƙasa kamarsu ɗaya, duk a kishingiɗe suke gefe guda, bulo na baƙin ƙarfe, kai na alminiyam, fulogi can ciki cikin bututu. Ban da su akwai mai injekshan na Kugelfischer da aka yi wa samfurin TI, akwai na gas wato Indenor mai 1948 da 2112 da 2304 cc, akwai ma V6 da aka sa wa kufe, amma waɗannan ba su ne a gabanmu ba yau.

To yanzu ka ɗora wani abu a kai. Motocin nan sun yi bauta a ƙasar nan, sun yi haya Kano zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Jos, Sakkwato, Maiduguri, har Maraɗi da Damagaram, sun yi aikin gwamnati an yi gwanjonsu sun koma tasha. Inji ya buga a hanya, direba ba zai tsaya neman lamba ba, duk wanda aka samu a kusa shi za a ɗaura, na 505 ne ko na 404 ko baljiyam da aka sauke a Kwatano. Wani kuma bulo na 2.0 ne kai na 1.8, kafireto na wata motar, dalko mai raba wuta ga fulogi na wata. Saboda haka takardar mota ba hujja ba ce, farantin kamfani dake manne a cikin ɗakin inji ma yana gaya maka yadda ta fito ne, ba yadda take yau ba. Hatta lambar da aka buga a jikin bulo, tana taimakawa sosai amma ba ta san abin da aka zuba a cikin bulon bayan shekara talatin ba.

Shi yasa shawarata ta farko, kuma wallahi ita ce mafi muhimmanci, kar ka sayi komai na cikin inji sai an sauke shi an warware an wanke an auna. Na san zumuɗin, mutum ya samu kuɗi yana tsoron kar su narke sai ya ce bari in tara kaya kafin aiki ya zo. Kar ka yi. Ka sayi abin awo tukuna, banya kalifa ba ta da tsada, sannan ka tabbatar wajen da za ka kai karanshaf suna da maikuromita, abin auna kaurin ƙarfe daidai, kuma suna amfani da ita, ba a ajiye take cikin durowa ba. Ka samu littafi ɗaya ka rubuta komai, faɗin rami, kaurin karanshaf a kowane wuri, rubutun dake kan fistin, rubutun dake bayan tsohon metal, sunan dake jikin kafireto da dalko. Ka ɗau hoto da waya kafin a kwance da bayan an kwance. Wannan littafin shi zai shiga kasuwa da kai.

Bari in daɗe kaɗan a kan silif don nan ne injin Fijo ya bambanta da yawancin motocin da yaran gareji na yanzu suka saba da su. Ramin fistin a Fijo ba a jikin bulo aka huda shi ba, silif ne guda huɗu da ake zurawa a cire, kuma ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye. Wannan alheri ne babba, shi yasa injin ba ya mutuwa, rami ya cinye sai ka zare ka sa sabo ba sai an kai bulo an faɗaɗa ba. Amma kuma nan ne ake kashe shi. A ƙasan kowane silif akwai abin da ke tare ruwa kar ya gangara cikin baƙin mai, na farko farkon nan roba ce, na baya kuma wata siririyar takarda ce da take zuwa kauri daban daban, kuma da kaurin nata ake saita yadda bakin silif zai ɗan ɗago sama da fuskar bulo. Ɗagowar nan kaɗan ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, da agogon awo ake duba ta, amma ita ce take sa tof gasket ya danne da kyau. In ta yi ƙasa gasket zai ƙone, in ta yi sama ko guda ya fi sauran ruwa zai samu hanya. Sau nawa ka ji an ce an yi wa Fijo ringi da silif sabo amma bayan wata biyu baƙin mai ya koma fari kamar kunu, sai a ɗora wa gasket laifi a ce jabu ne, alhali tun daga ƙasa aka ɓata aikin. Don haka in za ka sayi silif ka tambayi takardun ƙasan, ka tabbatar irin na bulonka ne, in mai kaya ya kalle ka bai gane me kake nufi ba to ka gode masa ka ƙara gaba.

Kuma don Allah in an cire kai kar a bari wani ya juya karanshaf sai an danne silif ɗin da washa da noti, in ba haka ba fistin zai ɗago su, takardar ƙasa ta yage, kai da ka zo canja gasket kawai sai ka koma sauke inji. Tsofaffin kanikawan Fijo duk sun san wannan, yaransu ne wani lokaci hannu ke riga tunani.

Silif da fistin da ringi da fin, ni a ganina a saye su tare a kwali ɗaya daga kamfani ɗaya, don an auna su da juna tun daga can. Haɗe haɗen nan na silif daga wannan shago fistin daga wancan shi ke kawo inji mai ƙwanƙwasa da safe ko mai shan baƙin mai tun yana sabo. Sannan ka kalli kan tsohon fistin ɗinka da kyau ka gwada da sabon, don ko a cikin XN1 ɗin ma matsi, wato yadda fistin ke matse iska da mai, ba ɗaya ba ne, akwai mai 8.35 akwai mai 8.8, akwai kuma waɗanda aka rage wa matsi saboda ƙasashen da fetur ɗinsu ba shi da ƙarfi. In ka sa fistin mai matsi da yawa a ƙarƙashin kan da aka sha yankewa, motar za ta dinga ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa duk sanda ka taka a hawa, kuma ba saitin dalko da zai raba ka da wannan. Tof gasket kuwa ka ɗora shi a kan silif ɗin da idonka tun a shago in da hali, na 84 da na 88 ramukan noti sukan yi kama, bakin rami ne ke tona asiri, sannan ka bi ramukan ruwa ɗaya bayan ɗaya ka gwada da tsohon.

Karanshaf da metal. Nan akwai wata al'ada da nake so mu bari, a kai karanshaf a yanka sannan a shiga kasuwa neman metal. Ka juya abin. A auna tukuna a ga ko yana buƙatar yanka ma, don wani gogewa kawai yake so a mayar da sitanda. In sai an yanka, ka fara samo metal mai kyau a hannunka sannan ka kai wa mai yankan tare da karanshaf ɗin ya yanka daidai da shi. Dalili kuwa, mu mun saba da lissafin 010 da 020 wanda na inci ne, 010 ɗin shi ne milimita 0.25, su kuma Faransawa da milimita suke aiki kuma akwai metal ɗin Fijo mai 0.30. Tazarar dake tsakanin 0.25 da 0.30 kamar ba komai ba ce a baki, amma a cikin inji ita ce bambancin fitilar baƙin mai da ke mutuwa da wadda ke kyaftawa in inji ya yi zafi, ko kuma karanshaf ya ƙi juyawa sam bayan an ɗaure. Kar a manta da washan gefe masu hana shi wasa gaba da baya, ƙananan abubuwa ne, mutane da yawa sai an zo haɗi ake tunawa da su sai a mayar da tsofaffin.

Taimin cen ɗin Fijo, sarƙar da ke haɗa karanshaf da kamshaf, mai layi biyu ne kuma yana da abin da ke ɗame shi da ƙarfin baƙin mai. Asali akwai na Renold akwai na Sedis. In za ka canja cen ka canja maɗamin tare, ka duba haƙoran giyoyin biyu, in sun yi tsini sun kwanta gefe to sabon cen ba zai daɗe a kansu ba. Oyil famfo kuwa in tsohon na kamfani ne kuma an auna bai ci ba, ni na fi yarda da shi a kan sabo mara suna.

Wannan ma ita ce magana ta biyu da nake so ta zauna, ba duk sabo ne ya fi tsoho ba. Abin da ke cinyewa dole a sa sabo, ringi, metal, gasket, cen, duk wata roba. Amma abin da aka zuba da ƙarfe mai kyau tun asali, kafireto, dalko, rokas, kamshaf, konrod, murfin gaba, in dai na kamfani ne kuma bai fashe ba to gyara shi ya fi sayen sabon da yake ƙyalli a leda.

Ɗauki kafireto. Solex ne ko Zenith akasari, ƙaramin inji mai maƙogwaro ɗaya, 2.0 mai biyu. Yanzu kasuwa cike take da sababbi masu kama da su sak, fari tas, da araha, amma jet ɗin ciki ba lallai su zama na injinka ba, ƙarfen kuma ka ɗaure noti sau biyu zare ya tafi. Tsohon Solex da aka jiƙa aka wanke aka busa, aka sa masa sabon gasket da allura da dayafaram, zai ba ka silo mai kyau da shan mai daidai. Abin da za ka duba a tsohon shi ne sandar bataflai, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya in ka taka totur, ka girgiza ta, in tana wasa sosai iska za ta dinga shiga ta nan silo ya ƙi zama, sai a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa mata bushi. Dalko ma haka, akwai Ducellier akwai Paris-Rhône, kwantak da hula da rota na wannan ba sa shiga wancan, don haka sunan dake jiki za ka faɗa a shago ba sunan mota ba. Kuma kowane dalko akwai lamba a jikinsa da ke nuna yadda yake ƙara wuta in inji ya ɗau gudu, na 1.8 da na 2.0 za su shiga rami ɗaya su tada mota amma jan ba zai zama ɗaya ba.

Kan inji shi ne abin da ya fi ba ni wahalar samu mai lafiya, kuma dalilin a fili yake, alminiyam ne, mu kuma shekara da shekaru ruwan rijiya da na kwata muke ɗura wa lagireto ba ruwan sanyaya inji ba, sai ya cinye bakin ramukan ruwan ta ƙasa. Ga yanka, duk sanda mota ta yi zafi a kai kai a yanke fuska, wani an yanka har ba sauran abin yanka. In za ka sayi na hannu ka sa a wanke shi a gabanka, ka duba tsakanin mazaunin bawul da ramin fulogi ko akwai tsaga, ka duba ko an yi masa walda an shafe, ka auna kaurinsa ka gwada da abin da littafin gyara ya ce, ka ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar ka ga ko haske na wucewa. Ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka kai a gwada shi da matsin ruwa, in ya zubar za ka dawo da shi, ku yi wannan maganar a gaban mutane kafin kuɗi su fita daga aljihunka. Ka kuma lura da mazaunin fulogi, akwai kai mai karɓar fulogi mai washa akwai na baya mai karɓar wanda ƙasansa ke a gangare ba washa, in aka cusa wanda ba nashi ba zaren alminiyam ne zai biya.

Wata famfo, wato famfon ruwa, da fanka kuma, asalin 504 fankarta ba kullum take juyawa da ƙarfi ba, akwai maganaɗisu a jikin fulin da ke kama ta in ruwa ya yi zafi, da ɗan gawayi da ke kai masa wuta da suwic a jikin lagireto. Yawancin namu an daɗe da ɗaure ta dindindin saboda zafin ƙasarmu, kuma ban ga laifin wanda ya yi haka ba in motar aiki ce. Amma ka san wanne ne a taka kafin ka sayi wata famfo don sandar da fulin ba ɗaya ba ne. Tamostat kuwa a mayar da shi, na san za a ce maka ai nan ba Turai ba ce, amma injin da aka haɗa sabo yana buƙatar ya kai zafinsa da wuri, lagireto mai tsabta shi ke hana obahitin ba cire tamostat ba.

Yanzu ina ake samu. Panteka da Ƙofar Ruwa su ne farko a wajena, musamman kayan hannu, kai, bulo, karanshaf, kafireto. Sababbi kuwa hanyarsu ta Legas ce, Ladipo da Tiredfiya, da kuma Nkpor kusa da Anacha da Nnewi, kuma yawancin masu shagunan Fijo na Sabon Gari da Kaduna daga can suke sari, in ka saba da mutum zai buga waya a sako maka a motar dare. Abin da na lura shi ne kayan kirki ba a gaban shago suke ba. Tsofaffin dilolin da suka yi zamanin Fijo suna da ragowar kaya a can ciki ko a sito, kwali ya yi ƙura ya yi ja, tun na lokacin da PAN ke aiki sosai, kuma ba sa fito da shi ga wanda ya zo yana ta kukan tsada. Ka je da tsohon kayanka a leda da littafinka, ka gaisa da kyau, ka zauna. Wani dattijo da na samu a irin wannan shagon, da na ce masa Baba metal nake nema amma sai na ga bayansa na auna, sai ya ɗago ya dube ni ya ce yaro kai gyara za ka yi ko sayarwa, na ce gyara Baba, ta gida ce, sai ya aiki yaronsa sito. Abin da aka kawo daban yake da wanda ke rataye a gaba.

Amma tsohon ajiya ma da sharaɗi. Ƙarfe ba ya tsufa in tsatsa ba ta taɓa shi ba, metal, fistin, bawul, cen, duk lafiya. Roba kuwa tana mutuwa a cikin kwali, oyil sil ko tiyon ruwa ko dayafaram da ya shekara ashirin a zafin sito ya riga ya bushe ko da ba a taɓa buɗe shi ba, waɗannan gara sabon bugu daga kamfanin da aka sani.

Maganar jabu kuwa, kwali ba shaida ba ne yanzu, zakin Fijo da sunayen manyan kamfanoni irin su Mahle da Glyco da Goetze da Payen duk ana buga su a kwalin da ba su san da shi ba. Kayan za ka kalla. Metal na gaske akwai lamba da girma a buge a bayansa da tsabta, gefensa ba kaifi. Ringi ka zura shi cikin silif ka tura da fistin ya daidaita ka auna tazarar bakinsa da fila geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara. Fistin huɗun ka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ko na masu sayar da zinari ne, kar wani ya fi wani nauyi sosai. Gasket ka duba zoben ƙarfen bakin rami ko ya naɗu da kyau. In farashi ya yi daɗi fiye da kima to akwai dalili.

Abin da ya gagara a gida ana samunsa a waje ta intanet. Su kansu masu Fijo suna da sashen tsofaffin motoci, L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a Sochaux garin da aka fi sani da ƙera Fijo, kuma suna sayar da kayan tsofaffin samfura. A Jamus akwai Der Franzose, a Faransa akwai shaguna da dama da ba su da sana'a sai 404 da 504. In za ka nema ka rubuta da Faransanci sakamako ya fi fitowa, chemise piston wato silif da fistin, coussinets wato metal, joint de culasse wato tof gasket, ka haɗa da XN1 ko XM7. In kana da ɗan uwa a Yamai ko Maraɗi ma zai taimaka da yaren, kuma su ma can akwai tsofaffin kanikawan Fijo na gaske. Lambar kayan Fijo lamba huɗu ce da ɗigo da ƙarin biyu, huɗun farko suna nuna dangin kayan, misali 0209 tof gasket ne, 1201 wata famfo, 1109 oyil filta, biyun ƙarshe su ke rarrabe wanne ne naka. Ajantina ma har yanzu ana buga kayan 504 sosai saboda yawanta a can, sai dai su sun yi wasu injina masu girman da babu a wajenmu, don haka ka tambayi faɗin rami da milimita kafin ka biya. Tsadar yuro da kuɗin jirgi da na kwastan ba wasa ba ne, shi yasa ni ƙananan abubuwa marasa nauyi kawai nake ganin ya dace a yo oda, takardun silif, kayan gyaran kafireto, maɗamin cen, sil na bawul, a haɗa su a kwali ɗaya. Bulo da karanshaf da kai a neme su a gida.

In kuma ka ci karo da cikakken injin da ba a taɓa warwarewa da yawa ba, ko da ya kafe, kuma kana da wurin ajiya, ka saya. Abin da ke ci min rai kenan a kwanakin nan, 'yan gwangwan suna bi gida gida da gareji gareji suna saye a kilo, a fasa kai da guduma a ware alminiyam a tura kamfanin narka, kan injin da wani ke yawo gari gari yana nema. Ba laifinsu ba ne sana'arsu ce, amma duk wanda aka narka ya tafi kenan ba mai sake zuba irinsa. In kana da mutunci da masu wannan harkar ka bar musu lambarka ka ce duk sanda Fijo ta shigo su kira ka kafin guduma ta sauka.

Haka su ma masu aikin, kanikawan da suka koyi Fijo a hannun waɗanda suka yi aiki a Kakuri ko garejin gwamnati yawancinsu sun manyanta, wasu sun rasu. Ka nemi irinsu ko da ba su ne za su riƙe sifana ba, su zauna a kujera suna kallo suna faɗa. Su ne za su tuna maka cewa a Fijo silinda ta ɗaya tana can baya ta wajen fulayiwil ne ba ta gaba wajen fanka ba, wuta kuma 1-3-4-2 take bi, kuma tafet, wato tazarar bawul, ana saita shi inji na sanyi, 0.10 na shiga 0.25 na fita. Ka biya su haƙƙinsu da kyau kar ka tsaya ciniki.

Ni injina yanzu an haɗa ƙasan, karanshaf na juyawa da hannu ɗaya ba tauri ba wasa, silif huɗun an auna ɗagowarsu an danne su ana jiran kai ya dawo daga gwajin ruwa. In Allah ya sa ta tashi, baƙin mai na farko ba zai daɗe a ciki ba za a zubar a canja filta, ba gudu ba lodi, sannan in ta yi kamar kilomita 1000 a bar ta ta kwana ta huce a sake ɗaure notocin kai bi da bi yadda littafi ya tsara, a sake saita tafet. Lagireto ne ya rage, ina neman na jan ƙarfe na asali in kai a canja masa ciki, in wani a cikinku ya san inda yake a Kaduna ko Kano ko Zariya don Allah ya yi min magana.